Janareta a Bayan Katanga: Wuta da Sharar Fim ɗin Hausa, Daga Majigi Zuwa Daura

A ƙarshen shekarar 2024, kwamitin da ke zaɓar fim ɗin da zai wakilci Najeriya a gasar Oscar ya ɗauki ‘Mai Martaba’, fim ɗin Hausa wanda Prince Daniel Aboki ya ba da umarni, Adam A. Zango kuma yana cikin jarumansa. Labarin rikicin gadon sarauta ne a wata ƙirƙirarriyar masarauta mai suna Jallaba, amma a Daura aka ɗauke shi. Bai kai zagayen ƙarshe na gasar ba. Sai dai ya yi wa garin wani abu da ba a cika magana a kansa ba. Ya nuna wa masu shirya fim cewa in ana neman fada da dawaki da katangar ƙasa, da sararin da ido zai yi tafiya bai ci karo da benen siminti ba, to ga inda za a zo. Wasu za su biyo sahu. Shi ya sa nake ganin ya kamata a tambayi abin da zuwan 'yan fim ke ci a gari, da abin da yake bari bayan an naɗe waya an tafi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon 'yan fim a lokeshan ya san akwai abu ɗaya da ba a yarda ya fito a hoto, alhali in babu shi aiki ya tsaya. Janareta ke nan. Akan kai shi can bayan katanga, a ja doguwar waya, wani lokaci a kange shi da tsohuwar katifa don kada ƙararsa ta shiga maganar jarumai. Yau duniya na ta batun yadda za a yi fim ba tare da an ɓata muhalli ba, masu sayar da kamara kuma suna cewa sabbin na'urori su ne maganin. Akwai gaskiya a maganar. Amma wanda ya bi tarihin fim a ƙasar Hausa zai ga cewa an sha canja na'ura, kuma a kowane karo dattin wuri kawai yake sauyawa. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Janareta ya riga gidan silima zuwa yawancin garuruwanmu. A ƙarshen shekarun 1920 wani jami'in lafiya Bature, William Sellers, ya fara haska fim a Legas don wayar da kai game da annobar da ɓeraye ke yaɗawa. A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen fim na ƙasashen da take mulka, ta ɗora shi a kai. Daga nan motocin majigi suka bazu. Kalmar majigi ma daga sunan wata tsohuwar fitilar haska hoto ta Turawa aka aro ta. Motar takan iso da la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko filin kasuwa, bayan sallar isha a tada inji, mai sharhi ya kama lasifika yana fassara wa jama'a abin da suke gani: noman auduga da gyaɗa, tsaftar rijiya, biyan haraji, daga baya kuma rangadin Sardauna. ‘Baban Larai’ na shekarun 1950 a irin wannan fili aka san shi. A ƙauyen da bai taɓa ganin ƙwan lantarki ba, hoto mai motsi da warin hayaƙin mai tare suka iso, a mota ɗaya, a dare ɗaya.

Abin da ake haskawa a lokacin dogon zare ne mai kama da leda, wanda ake kira silulod. An shafe shi da sinadari mai azurfa a ciki, kuma azurfar ce ke kama hoto idan haske ya taɓa ta. Naɗi ɗaya na zare mai faɗin milimita 35 yana da tsawon kusan mita 305, kuma cikin minti 11 ya ƙare. Fim na awa biyu ya haura kilomita 3 ke nan, kuma kowane kwafi da za a kai wata silima sai an buga wani mai wannan tsawon. Kafin hoto ya fito sai an wanke zaren a cikin sinadarai kala-kala, a ɗauraye da ruwa mai yawa, ruwan kuma ya fita da gubar da ragowar azurfa.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Har zuwa farkon shekarun 1950, ana yin zaren da wani sinadari ɗan uwan albarushi. Da ya ji zafi sai ya kama, in ya kama kuma ruwa ba ya kashe shi da sauƙi. A watan Mayu na 1951 silimar El Duniya da ke Kano ta ƙone ana tsakiyar kallo, mutum sama da 300 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Binciken gwamnati ya danganta gobarar da zaren fim da ya kama a ɗakin na'ura, mutanen gari da yawa kuma suka ɗauke ta a matsayin fushin Ubangiji a kan masu zuwa silima. Ko ta wace fuska aka dube ta, wannan ita ce ɓarna mafi girma da kayan fim suka taɓa yi a ƙasar Hausa, kuma ba ta rasa nasaba da irin kallon da iyayenmu suka daɗe suna yi wa sana'ar.

Finafinan Hausa na silulod ba su da yawa. Wanda aka fi tunawa shi ne ‘Shehu Umar’ na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka kuma nuna a bikin FESTAC na 1977. Sai ‘Ƙasarmu Ce’ na Saddik Ɓalewa a 1991. Galibin finafinan Najeriya na wancan zamani sai an kai su waje, musamman Landan, a wanke. Wato ruwan gubar ba a rafinmu ya zuba ba, amma an biya da kuɗin waje da man jirgin sama. Da gwamnatin Babangida ta karya darajar naira a 1986, sai zaren ya fi ƙarfin kowa, harkar ta durƙushe. Abu ɗaya da ya tafi tare da ita, wanda nake jin takaicinsa, shi ne tsantseni. Daraktan da ya san kowane minti yana cinye masa mita 27 na abin da aka sayo da fam ɗin Ingila ba ya cewa a kunna kamara sai 'yan wasa sun haddace, an gwada, an sake gwadawa. Zan dawo kan wannan.

A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa da ke Kano ta fitar da ‘Turmin Danya’ a kaset ɗin bidiyo, daga nan ake ƙirga farkon abin da aka raɗa wa Kannywood a ƙarshen shekarun 1990. In ta fuskar ɗauka ne, da wuya a sami masana'antar fim a duniya da ta fi wannan ƙarancin cin mai. Kamara ɗaya ce, ta kafaɗa, sau da yawa irin wadda ake ɗaukar biki da ita. Ba a gina fada ko ɗaki don fim, gidan wani Alhaji ake ara. Kayan sawa daga akwatin jarumar suke fitowa, ko na ƙawarta. Motar haya ɗaya ta kwashe kowa da kowa. Fitila kuwa rana ce. Mai ɗaukar hoto yakan jira hantsi ko la'asar, a sa yaro ya riƙe falankin da aka manna wa takardar azurfa yana maido haske a fuskar jarumi. Ba don kishin muhalli aka yi haka ba, babu ce ta koyar. Amma duk abin da littattafan Turawa ke ba da shawara a yau, a yi aron kaya, a rage motoci, a yi aiki da hasken rana, a bar gina abin da za a rushe, su sun yi shi tun kafin a sa masa suna.

Dattin wannan zamani a kasuwa ya taru. Furodusa yakan kai wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai uwar kaset ɗaya da kwalayen da ya buga, su kuma su jera na'urorin bidiyo a kan kanta, ɗaya kan ɗaya, suna kwafa dare da rana. Fim na awa biyu sai na'ura ta yi awa biyu tana juyawa kafin kwafi ɗaya ya fito, kuma in babu wutar NEPA, janareta ne. Kowane kaset na awa uku yana ɗauke da zare sama da mita 250 a cikin akwatin roba. A zamanin ‘Sangaya’ da ‘Wasila’ kaset ɗin nan ya cika motocin da ke zuwa Katsina, da Daura, da Maraɗi, da Damagaram, har Agadas da Kumasi. Da faifan CD ya karɓe kasuwa a shekarun 2000, abin ya ƙaru, don faifai ya fi araha kuma ya fi saurin lalacewa. Ƙarzuwa biyu ta isa ya fara tsalle a daidai wurin da jaruma za ta faɗi gaskiya, sai a jefar a sayi wani. Robar da ake yin sa da ita ba ta ruɓewa a tsawon ran mutum, haka ledar da ake saka shi a ciki.

Mu da muka tashi a lokacin mun san inda suka ƙare. Mun ja zaren kaset muna gudu da shi a lungu yana walƙiya. Manoma sun ɗaura shi a gonar gero tsakanin kara da kara, su rataya faifai, don iska ta kaɗa tsuntsaye su firgita. Masu keke da amalanke sun liƙa faifai a baya don fitilar mota ta hango su. Saura ya tafi kwata ya toshe ta, ko juji inda aka banka masa wuta ya yi baƙin hayaƙi mai ɗaci. Abin haushin shi ne, sharar ta fi finafinan daɗewa. Da yawa daga cikin finafinan farko ba a samun kwafinsu mai kyau a yau, uwar kaset ɗin ta yi fumfuna ko ta ɓace, amma in ka tona tsohon juji za ka tarar da akwatin robar lafiya lau.

Wajen tsakiyar shekarun 2010 kasuwar faifai ta mutu. Satar fasaha, da masu tura fim a waya da 'yan kuɗi kaɗan, da matsin tattalin arziki na 2016 suka haɗu suka kashe ta. Tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014, da YouTube, suka mayar da hankali kan finafinai masu dogon zango irin su ‘Daɗin Kowa’ da ‘Labarina’ da ‘Izzar So’. 'Yan kasuwa da dama sun yi asara, wasu sun bar sana'ar. Ta fuskar shara kuwa, tulin roba mai yawa ya daina shigowa garuruwanmu ba tare da wata hukuma ta kafa doka ba.

A daidai wannan lokaci kamara ma ta canja. A 2008 kamfanin Canon ya fitar da 5D Mark II, kamarar hoto da ke ɗaukar bidiyo mai kama da na silima, kuma cikin 'yan shekaru ire-irenta suka cika lokeshan a Kano da Kaduna da Jos. Sirrinta yana a ƙwayar idonta, wato ɗan allon da haske ke sauka a kai. Ya fi na tsohuwar kamarar bidiyo faɗi sosai, don haka yana tara haske da yawa, kamar yadda babban baho ya fi kofi tara ruwan sama. A 2014 Sony ta fitar da A7S, wadda ke iya ɗaukar hoto da farin wata. A 2023 aka fitar da ‘The Creator’, babban fim ɗin Amurka da Gareth Edwards ya ɗauka da FX3, kamarar da ke shiga jakar hannu, da 'yan tsirarun ma'aikata da fitilu kaɗan.

Nan ne amfanin gaskiya yake, kuma ba a jikin kamarar yake ba. Kamara ba ta taɓa zama mai cin wuta ba, fitila ce. Tsohuwar fitilar fim mai zaren ƙarfe tana mayar da sama da kashi 90 cikin 100 na wutar da ta sha zuwa zafi, ɗan ragowar ne haske. Ka kunna irinta biyu ko uku a ɗaki a watan Afrilu, lokacin da zafin Daura ke haura digiri 40, ka ga yadda kwalliyar jaruma za ta narke. Fitilar LED, wadda ta samu bayan wasu masana uku 'yan Japan sun gano yadda za a yi mai shuɗin haske a farkon shekarun 1990, har aka ba su kyautar Nobel a 2014, ta sauya lissafin. Wadda ba ta wuce wat 300 ba tana yin aikin da a da sai an kunna ta wat 1,000 ko fiye. To in kamara na buƙatar haske kaɗan, fitila kuma na ba da shi da wuta kaɗan, an kai matsayin da batir zai iya ɗaukar aikin yini. Karon farko ke nan tun zamanin majigi da za a iya barin janareta a gida.

A Birtaniya an daɗe da fara ƙirgawa. Tun 2011 hukumar BAFTA ke riƙe da wani tsari mai suna albert, wanda ke auna yawan iskar kabon da kowane shiri ya fitar, manyan gidajen talbijin na ƙasar kuma sukan nemi shaidarsa daga masu kawo musu shiri. Wani rahoto da suka fitar a 2020 tare da cibiyar fim ta ƙasar ya nuna cewa babban fim guda yana fitar da tan 2,840 na wannan iska a tsaka-tsaki. Kusan rabi daga sufuri yake, kusan kashi ɗaya cikin uku daga wutar lantarki da gas, kashi 15 cikin 100 daga janareta.

Bari mu yi namu lissafin. Lita ɗaya ta fetur in ta ƙone tana fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon, ta dizal kuma kusan 2.7. A ce janaretan lokeshan yana shan lita 2 a awa, awa 10 a yini, kwana 20. Lita 400 ke nan, iskar kuma ba ta cika tan ɗaya ba. Ka ajiye ɗaya kusa da 2,840, ka ga cewa duk wanda ya zo yana ɗora wa Kannywood laifin ɗumamar duniya ba shi da adalci. Mu ne ma a bakin hamada muna karɓar sakamakon hayaƙin wasu. Dalilin da ya sa abin ya dame ni na kusa ne. Lita 400 ɗin nan kuɗi ne da aka hana mai riƙe fitila da mai dafa abinci. Hayaƙin a tsakar gidan mutane yake tsayawa, kuma kowa ya san labarin iyalan da hayaƙin janareta ya hallaka suna barci. Sharar kuma ba ta bin mota ta koma Kano.

Sai dai ita ma sabuwar na'urar tana da nata juji, a inda ido ba ya gani. Aikina rubuta manhaja ne, amma abokai 'yan fim sukan kawo mini rumbun ajiyar kwamfuta in ya ƙi buɗewa, a zatonsu duk wanda ya karanta kwamfuta bokan kowace cuta ne. Wani ya taɓa kawo mini uku a leda. Fim ɗin da yake so ya fitar awa ɗaya da rabi ne, abin da aka ɗauka ya haura awa talatin. Fitowa ɗaya an maimaita ta sau goma sha, kamara na kunne har lokacin da ake gardamar wa zai sayo ruwa. Tunda ɗauka ta zama kamar kyauta, ba a ƙara haddacewa kafin a kunna. Amma kowace awa ta hoto mai nauyi irin na 4K ko 6K tana iya cin gigabait ɗaruruwa, kuma mai hankali sai ya ajiye kwafi biyu ko uku. Sai an sayi rumbu, sai kwamfutar edita ta kwana tana aiki, kuma a Kano wannan kwana na janareta ne. Awa talatin na ɗauka kuma kwanaki ne na mota da abinci da masauki. Tsantsenin da tsadar zare ta tilasta wa su Adamu Halilu ya fi kowace sabuwar kamara rage ɓarna.

Ra'ayina a nan ba zai yi wa wasu daɗi ba. Fim ɗin da za a haska a allon silima ko a kai gasa, a ɗauke shi da mafi kyawun abin da aka samu. Amma shirin mako-mako da za a kalla a wayar da ba ta fi tafin hannu ba, wanda mai kallo da kansa zai rage masa inganci don kada data ta ƙare, ɗaukarsa a 6K ado ne kawai. Kallon ma yana da nasa mai, don yawancin turakun sabis na ƙasar nan da dizal suke aiki dare da rana.

Ga kuma batir. Na kamara da na waya sinadarin litiyom ne, da yawa kuma akwai kobal a ciki, wanda kimanin kashi 70 cikin 100 nasa daga ma'adinan Kongo yake fitowa. Na sola da aka fi saye saboda araha kuwa na dalma ne, kuma zafinmu yana kashe shi cikin shekara biyu ko uku. In ya mutu sai ya faɗa hannun 'yan jari-bola, a fasa shi da guduma, a zubar da ruwan batir a ƙasa, a narka dalmar a fili. Arewa ta san aikin dalma. A 2010 gubarta ta kashe yara sama da 400 a Zamfara. Wancan daga dutsen zinare ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙwaƙwalwar yaro ba ta tambayar daga ina. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar lantarki, wadda aka sake sarrafawa bisa ƙa'ida kuma ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Kamarorin da yawancin matasanmu ke aiki da su na hannu ne, an gama yayinsu a Turai ko Dubai. Sayen na hannu abu ne mai kyau, yana ƙara wa na'ura rai. Amma kabarinta a nan za a haƙa.

Yanzu mu koma Daura. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar, Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango, kuma daga garin zuwa iyakar Nijar a Kongolam ba nisa. Damina gajeriya ce, ƙasa rairayi ce. Katsina na cikin jihohi 11 da ke layin shirin katangar bishiyoyi da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007 don tare hamada. A ƙetaren iyaka, a Damagaram da Maraɗi, manoma sun dawo da miliyoyin bishiyoyi tun daga shekarun 1980 ta hanyar barin kututture ya tofo a gona, musamman gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya yi kore da rani ya ciyar da dabba. A irin wannan ƙasa, bishiya ba kayan ado ba ce.

Fim ɗin tarihi kuma, kowane ne, yana da ciki. Yana son wutar itace da dare, da bukkokin zana da za a ƙona a fagen yaƙi, da dawaki masu sukuwa, da taron jama'a da za a ciyar sau uku a yini da girkin itace. Kowane mutum a taron zai sha fiya wata biyar ko fiye a zafin rana, ya yar da ledar inda yake tsaye, akuya ta biyo ta haɗiye. Mota mai nauyi in ta ratsa gona ta bar sawu, ruwan damina ya bi sawun ya zama kwari. Reshen da ya shiga hoto, sare shi ya fi sauƙi a kan matsar da kamara. Ginin ƙasa kuma, irin mai rufin azara da bakan gizo da ake zuwa Daura dominsa, ƙusa ɗaya da aka buga a rataya fitila ta isa ta fasa yaɓen makuba, ruwa ya sami hanya. Wasu ƙasashe sun ga irin wannan da kuɗi mai yawa. Masu fim ɗin ‘The Beach’ na shekarar 2000 sun sauya fasalin gaɓar tekun Maya a Tailan don ta dace da hoton da suke so, aka yi ta shari'a shekara da shekaru, 'yan yawon buɗe ido da fim ɗin ya janyo kuma suka ƙarasa wurin, har sai da aka rufe shi a 2018 don ya farfaɗo.

A nan ma sabuwar na'ura na taimakawa in an so. Fitilar LED ba ta da nauyi, a kan ƙafarta take tsayawa, ba ta buƙatar ƙusa. Akwai masu kwaikwayon lilon harshen wuta a fuskar ɗan wasa, sai ɗan itace kaɗan a gaban kamara ya wadatar. Ƙaramin jirgi mai kamara yana ɗaukar abin da a da sai an kawo babbar mota da ƙugiya, kodayake mai doki zai gaya maka a nisanta shi da ingarma. Amma babu kamarar da za ta tsince leda.

Babban abin da ke cin mai, kamar yadda lissafin Birtaniya ya nuna, hanya ce. Daga Kano zuwa Daura ta Kazaure tafiyar kusan awa biyu ce, kuma in komai daga Kano za a kawo, har mai ɗinki da mai gyaran waya, to motoci za su yi ta safa da marwa har a gama. A 2016 gwamnatin tarayya ta yi niyyar gina ƙauyen fim a Kofa, ƙaramar hukumar Bebeji ta jihar Kano, aka soke bayan malamai da jama'a da dama sun nuna ƙin amincewa. Saboda haka har yau fim ɗin Hausa a gidajen mutane da garuruwansu ake yin sa. Ta wata fuska alheri ne, don ba a gina fadar katako a rushe. Amma yana nufin garin da aka je shi ne situdiyo, kuma shi zai ɗauki abin da aka bari. Maganin da ya fi kusa shi ne Daura ta mallaki nata ma'aikata da kayan haya. Garin da ke shirya hawan Sallar Gani duk shekara ba ya buƙatar a koya masa sarrafa doki da kayan sarauta da taro. Akwai kwalejin fasaha ta tarayya a garin tun 2019, akwai kuma samari masu haɗa sola a kowace unguwa. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 ta Daura ya biyo, in ya fara aiki, tarago ɗaya zai ɗauki abin da motoci da yawa ke ɗauka.

Abin da ke tura mutane zuwa sola a yanzu ba wa'azin muhalli ba ne. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Lita 400 ɗin da muka lissafa ɗazu ta tashi daga ƙasa da dubu 80 zuwa sama da dubu 400. Rana kuwa tana sauke kimanin kilowat-awa 6 a kan kowace murabba'in mita ta ƙasar Daura a yini. Faranti huɗu ko biyar da akwatin batir na litiyom sun isa cajin kamara, da kwamfutar kwafe hoto, da fitilu biyu ko uku. Babban fagen dare mai ɗaruruwan mutane har yanzu sai inji, kada a yaudari kowa. Zafi kuma abokin gabar batir ne da kamara baki ɗaya, sai an nema musu inuwa, ƙurar hunturu kuma tana rufe faranti ta rage ƙarfinsa in ba a goge shi kullum da safe ba. Ita ƙurar tana da nata amfani. Tana tace rana ta yi laushi a fuska, abin da Turawa ke shimfiɗa farin yadi mai faɗi a sama don su samu.

Wani mai ɗaukar sauti da na sani ya ce ranar farko da suka yi aiki da batir zalla, sai da ya cire abin kunnensa ya duba ko ya lalace, saboda shirun da ya ji. Shekara da shekaru ƙarar janareta ce ke sa a koma situdiyo a sake ɗora murya, wanda shi ma wani kuɗin ne da wata wutar. Da ƙarar ta tafi, sai makirfo ya fara kama abin da take rufewa: dakan maƙwabta, kukan jaki, babur a lungu na uku, da injin niƙan bakin kasuwa, wanda shi har yanzu dizal yake sha. Dole aka tura yaro ya roƙi mai niƙan ya kashe na minti goma duk lokacin da za a ɗauka. Ya yarda, bisa sharaɗin a biya shi kuɗin kwanon da bai niƙa ba.